Allurar Kwantar da Doki da Abin da Take Ɓoyewa a Ido

Sharhinmu na yau na masu dawaki ne, da ƴan barga, da ma'aikatan kiwo da ake garzayawa wurinsu idan bisa ta kasa lafiya, musamman mutanen Safo da maƙwabtansu na gundumar Madarunfa: Jiratawa, Sarkin Yamma, Gabi da Ɗan Isa. Maganar a kan idon doki take, da allurar da ake yi masa don ya natsu a duba idon.

Duk wanda ya taɓa gwada buɗe idon ingarma mai ciwo ya san aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Fatar idon doki na da ƙarfin da yatsa ba ya rinjaya, ga fizgar kai, ga miƙewa da ƙafafun gaba. Dole sai an kwantar da shi. To amma allurar da ke kwantar da shi tana taɓa idon da ake son aunawa, ta sauya lissafinsa. Likitan da ya yi allurar da hannunsa ya san yadda zai gyara lissafin. Wanda kuwa aka ɓoye wa cewa an riga shi yin allura, zai iya cewa ido lafiya lau, alhali makanta na kan hanya.

Doki ba baƙo ba ne a ƙasar Maraɗi. Tun farkon ƙarni na 19, da sarakunan Katsina suka yo arewa bayan jihadi, Ɗan Kasawa ya kafa mazauninsa a bakin Gulbin Maraɗi, da dawaki aka tsare garin, haka ma Tibiri ta Gobirawa. Yau yaƙi ya wuce, babur ya karɓe tafiya, amma hawan Sallah da naɗin sarauta da sukuwa suna nan, kuma mai doki na kashe masa gero da harawa da kanwa shekara guda cur saboda waɗannan ranaku. Idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan digiri 350 cikin 360 na kewayensa, kowane ido na gadin ɓangarensa. In ɗaya ya mutu, duk abin da ya ɓullo ta wannan gefe sai dai ya ji shi kwatsam. Irin wannan doki ba a shiga taro da shi ana harba bindiga ana busa kakaki, ga yara a bakin hanya, kuma kuɗinsa a kasuwa ya riga ya zube.

Bari mu duba yadda idon yake aiki. Bayan tantanin nan mai sheƙi da ke gaban ido akwai wani ruwa garai-garai. Daban yake da hawaye, domin shi ba ya fitowa waje. Ido ne ke tsattsafo da shi dare da rana daga bayan baƙin ido, ya zagayo gaba, ya ciyar da sassan da jini ba ya kaiwa, sannan ya tsiyaye ta wasu ƙananan magudanai da ke gefe, ya koma cikin jini. Ku ɗauki salka da ake ɗiga mata ruwa ta baki, tana kuma yoyo kaɗan-kaɗan ta ɗinki. Muddin shiga da fita sun daidaita, salka na nan cike yadda ake so. In ɗinkin ya toshe sai ta ɗaure tam, in ɗigon ya ragu sai ta saki. Wannan ɗaurewar ita likitoci ke kira matsin ido. Ana auna ta da wata ƴar ƙaramar na'ura da ake taɓa gaban ido da ita, lissafin kuma da milimitar zaiba ake yinsa, irin ma'aunin da ake gwada hawan jinin mutum da shi a gidan likita. Doki mai lafiya matsin idonsa na kaiwa da komowa tsakanin 15 da 30.

Cututtuka biyu ne suka sa awon ya zama dole. Ta farko ita ce wadda jama'a ke kira hawan jinin ido, likitoci kuma gilakoma. Magudanan nan ne ke toshewa, matsi ya hau, ya danne jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Abin da ya mutu a wannan jijiya ba ya sake tsirowa, ko da an sauke matsin daga baya. Ta biyu ita ce kumburin cikin ido mai tafiya yana dawowa, wanda ke kan gaba a sanadin makantar dawaki a duniya. Doki zai riƙa hawaye, yana runtse ido, yana gudun rana, idon ya yi hazo-hazo. Bayan kwanaki ko makonni abin ya lafa, mai doki ya ɗauka maganinsa ne ya ci, sai bayan wani lokaci ciwon ya sake bugowa. Lokacin da kumburin ke ci, ido na rage tsattsafo da ruwa, matsi ya faɗi ƙasa. Amma kowane zuwa yana barin tabo a ciki, tabon nan shi ke toshe magudanai a hankali, har wata rana matsin ya juya ya hau. Shi ya sa yawancin gilakomar doki ɗiyar wannan kumburi ce.

A Turai da Amurka an daɗe da gano alaƙar kumburin da wata ƙwayar cuta mai suna leftosfira, wadda ke fita ta fitsarin ɓera da shanu, ta zauna cikin ruwan da ya kwanta. A 2015 an wallafa binciken da ya gano ƙwayar a jikin ɓerayen lambunan Yamai. Mu da muke zaune bakin fadamar gulbi, inda ruwa ke kwanciya da damina, ɓera kuma ke kai-kawo tsakanin rumbu da kwamin doki, bai kamata mu ji abin kamar labarin wata duniya ba.

Daga waje cututtukan biyu na iya kama da juna, amma maganinsu ya sha bamban. Mai kumburi ana ɗiga masa atirofin don a buɗe tsakiyar baƙin idon, a rage zogi. Wannan atirofin ɗin kuwa sai an yi taka-tsantsan da shi in matsi ya hau, kuma in aka yawaita shi yana iya tsayar da hanjin doki ya jawo ciwon ciki. Mai gilakoma kuma magungunan rage ruwan ido ake ba shi, irin su timolol da dozolamid. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan kam ƙimar ido ba ta isa ba, sai an auna.

Yanzu ga allurar. Wadda aka fi sani ita ce zailazin, da kamfanin Bayer na Jamus ya haɗa a 1962, da yawa sun san ta da sunan Rompun. Tana da ƴan uwa biyu, ditomidin da romifidin. Akwai kuma asifromazin, ita gidansu daban. In aka yi zailazin ta jijiyar wuya, cikin ƴan mintuna kan doki zai sauka, leɓen ƙasa ya saki, kunnuwa su kwanta gefe, ya ware ƙafafu yana tangaɗi, bugun zuciyarsa ya ragu. Aikinta kan ɗauki kamar rabin awa, na ditomidin kuwa ya kan kai awa ɗaya ko fiye.

Tun 1976 masu bincike a Amurka suka nuna cewa zailazin da asifromazin duk suna sauke matsin idon doki. A 1995 likitocin dabbobi na Jami'ar Jihar Ohayo suka auna, suka ga zailazin na sauke shi da kashi 23 zuwa 27 cikin 100, wato kusan rubu'i. A 2012 aka nuna ditomidin ma haka take yi, a 2014 kuma masu bincike a Masar suka tabbatar da haka game da romifidin. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne: naman da ke riƙe da ƙwayar ido da fatar ido yana saki, ya daina matsa ta, gudun jini na sauyawa, tsattsafowar ruwan ma tana raguwa.

Mu yi ɗan lissafi, a matsayin misali. Ga doki da matsin idonsa na gaskiya ya kai 36, wato cuta ta fara. An yi masa allura, rubu'i ya fita, na'ura ta nuna 27. Wanda bai san an yi allura ba zai ce ai 27 cikin iyaka take, a koma gida. Ga kuma doki mai lafiya da nasa yake 18. Allura ta mayar da shi wajen 13 ko 14, sai a fara zargin kumburin da babu shi. Allura guda ta wanke mai ciwo, ta kuma ɗora wa mai lafiya tuhuma.

Abin bai tsaya nan ba. Allurar da ke sauke matsi ita ce kuma ke sa doki sunkuyar da kai, sunkuyon kuwa ɗaga matsin yake yi. A 2006, a Jami'ar Fensilbaniya, an auna dawaki 30, wato idanu 60, sau ɗaya kai a sama, sau ɗaya kai ya sauka ƙasa da saitin zuciya. Idanu 52 daga cikinsu, kashi 87 cikin 100, matsinsu ya hau da kan ya sauka. Matsakaicin lissafi ya tashi daga 17.5 zuwa 25.7. Dalili kuwa jini ne ke taruwa a kai idan ya rataya ƙasa. Haka ma igiyar da ta shaƙe wuya, ko yatsan da ya danne ƙwayar ido wajen buɗe fata, duk suna ƙara lamba. Kenan doki ɗaya, ido ɗaya, cikin minti biyar, zai iya ba da lambobi uku daban-daban, gwargwadon wanda ya riƙe ragamarsa.

Kada wani ya ji wannan ya ce to a daina allurar. A'a. Allurar rahama ce a hannun wanda ya san ta. Dokin da ake kokawa da shi, yana matse ido da ƙarfi, yana ja da igiya, shi ma lambarsa ta ƙarya ce, ta hau fiye da gaskiya. Sannan in akwai gyambo mai zurfi a tantanin gaban ido, wanda ƙaya ko tsinken harawa ko bakin bulala ya jawo, kokawar kaɗai na iya fasa idon, ruwansa ya zube, shi ke nan. A irin wannan hali saukar matsin da allura ke kawowa ita ake nema. Saboda wannan ne ma likitoci ke lura da ketamin, maganin da ake kayar da doki da shi in za a yi fiɗa, domin bincike ya nuna shi yana iya ɗaga matsin.

Yaya gwani ke yi? In dokin ya yarda, ya kan auna kafin allura. In bai yarda ba, sai ya yi allurar, ya rubuta sunanta da adadinta da mintin da ya yi ta. Ya sa a tallafe haɓar doki, ko a ɗora ta bisa buhu ko kafaɗa, yadda kan zai tsaya sama da ƙirji. Ya kan yi wata ƴar allura kusa da kunne da ke kashe ƙarfin fatar ido na ɗan lokaci, don kada sai an danna. Sannan ya auna idanu biyun duka, domin allura ba ta zaɓen ido, duka biyun take saukewa. In ɗaya ya yi wa ɗan uwansa nisa, to akwai magana. In aka dawo bayan mako, da irin allurar farko zai yi aiki, a irin lokacin, kan doki a irin tsayin, don lambar yau ta iya zama da ta jiya a kwatanta. Kafin ya ba da kowane maganin ɗigawa kuma sai ya sa wani rini da ke mayar da gyambo kore shar, ya tabbatar babu rauni.

Duk wannan tsari yana rushewa da abu ɗaya: mai doki ya riga likita yin allura, ya kuma yi shiru. Wani don dokin ya yarda a ɗora shi a mota ne, wani don ya ga yana fama da zogi ne, wani kuma ɗan barga ne ya yi ba da sanin maigida ba. Niyya mai kyau ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malam mai doki, in ka yi allura ko ka ba da wani abu a baki, faɗi sunansa, faɗi lokacin, in da hali ka zo da kwalbar. Likita ba alƙali ba ne. Ɓoyewar na iya sa ya ƙara wata allurar a kan taka, zuciyar doki ta yi sanyin da ba a so.

Gara ma a ce ba ka yi ba tun farko. Waɗannan magunguna ba na gwaji ba ne a turke. Saniya kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ake ba doki take buƙata, in aka yi lissafi da nauyin jiki. Wanda ya saba da adadin doki ya juya kan sa ko saniya, zai iya kashe ta, mai tsohon ciki kuma ta yi ɓari. Kusa da jijiyar wuyan da ake nema akwai babbar hanyar jini mai zuwa ƙwaƙwalwa kai tsaye. In allura ta kauce ta shiga can, doki zai kife nan take yana shure-shure. Asifromazin na iya sa gaban ingarma ya fito ya kasa komawa, wani lokaci har abada, mu kuwa a nan ingarma muke hawa. Ba ta kuma kashe zafi, jiki kawai take sanyayawa. Dokin da aka yi wa zailazin, duk da kansa na ƙasa kamar mai gyangyaɗi, yana iya kai harbi ba gargaɗi, kuma harbin ba ya kuskure. Ga mutum ma guba ce: a watan Afrilun 2023 gwamnatin Amurka ta ayyana zailazin da ake gaurayawa da miyagun ƙwayoyi a matsayin sabuwar barazana ga ƙasar. Kwalba irin wannan ba ta da wurin zama a aljihun yaro ko a tiren mai talla cikin rana.

Masu sayen doki, ku ma ga naku. In aka kawo muku ingarma da sanyinsa ya wuce hankali, leɓe a sake, kai a ƙasa, gaba a rataye, yana gumi ba gudu, kada ku yi saurin biya. Ku zauna ku yi hira ta awa biyu, ko ku ce sai gobe da safe. Ku duba idanun biyu a inuwa, ku kwatanta girmansu da haskensu. Ku kaɗa hannu a hankali ta kowane gefe, ba tare da iskar hannun ta taɓa gashin ido ba, ku ga ko zai ƙifta.

A gida kuma, in ka tashi da safe ka ga ido ɗaya a rufe, ko hawaye ya yi hanya a kunci, ko kwantsa ta taru, ko gaban ido ya yi fari-fari ko shuɗi-shuɗi, ko ƙwayar ta fi ƴar uwarta girma, aikin ranar ne, kada ya kwana. Ka mayar da dokin inuwa, ka kare shi daga ƙuda da damina, da ƙura lokacin hunturu, ka kakkaɓe harawa kafin ka zuba masa. Kada a hura masa sukari ko garin taba ko kanwa ko baƙin batir. Kada a ɗiga masa ragowar maganin idon mutane, domin da yawansu na ɗauke da sinadarin kashe kumburi irin su dekisametazon, wanda in ya faɗa kan gyambo sai ya hana shi warkewa, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya su cinye tantanin cikin ƴan kwanaki. Ka tuna kuma allurar kwantarwa ba magani ba ce ga gilakoma. Matsin da ta sauke zai koma inda yake da zarar ta sake shi.

Kiranmu na ƙarshe ga hukuma ne. Muna da ilimin a kusa. Nijar na cikin ƙasashen da ke da hannu a makarantar likitancin dabbobi ta Dakar, wadda aka kafa a 1968. A Zariya da Sakkwato akwai tsangayoyin likitancin dabbobi. A Maraɗi ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. A jiharmu ne, a Dakoro, aka yi suna wajen tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu da ke aiki kusa da makiyaya tare da mataimakansu na ƙauyuka. Abin da ya rage shi ne a shigar da idon doki da na jaki cikin horon da ake ba waɗannan mataimaka, a tabbatar akwai na'urar awon matsin ido da rinin gano gyambo a inda mai doki daga Safo zai iya kaiwa ya dawo a yini ɗaya, a kuma tsare sayar da alluran kwantarwa ga masu izini kaɗai. Fadar Maraɗi da ta Tibiri da hakimai da masu gari, su da suka fi kowa dawaki, in suka ware rana ɗaya kafin kowace Sallah likita ya zagaya barga ya duba idanu, sauran jama'a za su bi.

Kai kuma mai doki, abu uku muke roƙonka: kada ka yi allurar da kanka, in ka riga ka yi ka faɗa, kuma kada ka bar ciwon ido ya kwana. Allah ya ba mu lafiya, mu da bisashenmu.